Na Goge Aninaina da Toka

Asabar, da dare.

Na dawo daga baje kolin tsofaffin kuɗi, ko tuwo na kasa ci. Kwana uku na yi ina goge aninaina da kwabbai masu huji da toka da lemun tsami, har suna ɗaukar ido. Buba maƙwabcina kuwa, da ni na koya masa harkar nan bara, ya zo da nasa a ƙulle cikin tsumma, baƙi ƙirin, yadda ya karɓo su wurin wata inna a kasuwar Iware.

Wani Alhaji daga Kano ya ɗaga nawa, ya jujjuya, ya ce, "Malam, wa ya wanke maka? Ai ka kankare musu shekarunsu." Ya wuce teburin Buba, jama'a suka bi shi, har da masu ɗaukar hoto.

Buba ya leƙo yana washe baki: "Yaya, ni fa kasala ce ta hana ni wankewa."

Kasala! Ni da na shekara goma ina tarawa! Na ce Allah ya sanya alheri, amma iyakarta baki. Ga aninaina nan a faranti suna ta walƙiya. Na kifa musu kwano.