Maganin Wake a Kunnen Duna

Daren Laraba, Birnin Tsaba, tsakiyar damina

Na kasa kwanciya. Duna, ɗan kwikwiyon da na karɓo a rugar Fulani don ya girma ya tsare mini awaki, yana kwance bayan rumbu yana ta makyarkyata.

Da hantsi na ga kaska ta cika masa kunnuwa. Na nuna wa Kawu Bawa, ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne, ɗiyata." Ya ɗauko maganin feshin wakensa ya tsiyaya masa, ko ruwa bai sirka ba. Kaska kam ta zube. Amma kafin la'asar miyau ya fara dalala daga bakin Duna, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa.

Na kira likitan dabbobi na garin Kaura a waya, ya rufe ni da faɗa: "Hajiya, abin da ke kashe tsutsar gona zai bar jaririn kare? Ki wanke shi da sabulu yanzu, kada ki ɗura masa manja." Hanya ba ta biyuwa da yamma, dole sai da safe zan kai shi.

Ni da ko kwanonsa da ƙafa nake tura masa, yau da hannuna na cuɗa shi. Sai da na sake zane kafin sallar magariba. Kawu sai cewa yake, "Kare ne fa." Na san kare ne!

Tun da na kawo shi nake zaginsa don kukan dare. Yau ya yi shiru, ni kuma na kasa kunne ina roƙon Allah ya yi kukan ko sau ɗaya.