Muryoyin Ɗalibaina Sun Koma Hannun Wa?

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Legas? Ya Hauwa da yara? Mu nan Gwaram lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Da na bar dandalin nan na hotuna saboda rashin kunyarsa, kai ka sa mini wata manhajar aika saƙo a waya, ka ce ba ruwanta da kowa. Ta nan matan aure na Islamiyyarmu ke turo mini haddarsu, bayan na yi wa mazajensu alkawarin ba kunnen da zai ji sai nawa.

To jiya na ji a rediyo wai kamfanin da na guje wa ya saye ta. Habu mai gyaran waya ya ce, "Malam, ba abin da zai canja." Na ce to me suka saya? In ba muryoyinmu ba, me ke cikinta?

Na dakatar da turo haddar tukuna. Ka bincika mini.

A gaida mutan gida, a sa mu a addu'a. Amsar kuma, don Allah, ka ba direba.

Yayanka,
Ibrahim