Kwali na Ashirin da Uku

Daga:
Hilda Emenike,
Bayan layin masu walda,
Bolari, Gombe.

Litinin, 4 ga Afrilu, 2016.

Zuwa ga:
Alhaji Bamanga Joda,
Sakataren Kwamitin Tallafa wa Yaran da Hare-hare Suka Shafa,
Gombe.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Riƙe na'urar jin 'yata, Tochi Emenike, saboda ba a tantance babba tsakanin Masu Girma Sanatoci biyu ba

"Mama, tunda ba su san wane ne babba ba, me ya sa ba za su je su tambayi mamarsu ba?"

Wannan ita ce tambayar da 'yata ta yi a zauren taronku ranar Asabar, 13 ga Fabrairu, kuma na san ka ji ta, don har ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya ji. Bayan gaisuwa da ban girma, na fara da ita ne domin in ba da haƙuri a rubuce. Shekarar yarinyar shida. Ba rashin tarbiyya ba ne, ba ta jin ƙarfin muryarta ne. Tun fashewar bam ta tashar mota a watan Disamba, 2014, inda ta raka babanta karɓar kaya, kunnenta na hagu ya mutu, na dama kuma sai an sa baki a kansa. Tana cikin yara ashirin da uku da kwamitinku ya rubuta za a ba na'urar ji. Yau ashirin da biyu suna da tasu. Ta Tochi tana cikin kabad a ofishinku, da sunanta a jikin kwalin, na gani da idona.

Ba zan rubuta sunayen Masu Girma Sanatocin ba, domin na fahimci duk wanda na fara rubutawa, wata sabuwar magana ce. Zan ce mai sanda da mai tabarau, kuma zan riƙa juya su, don kowa ya samu nasa zuwan farko. Ga ƙorafina:

1. Ranar Litinin, 9 ga Nuwamba, 2015, aka auna kunnuwan yara. Malama Fatimatu, ma'aikaciyar sashen kunne da kuka ɗauko, ta zuba wa kowane yaro wani abu kamar ƙullu a kunne, ya daskare, aka tafi da shi domin a yi robar da za ta zauna daidai. A gabanka ta ce kunnen yaro girma yake yi, idan aka wuce wata shida robar ba za ta kama ba, na'urar sai dai ta yi ta ƙara kamar mai fito. Na rubuta ranar a bayan Littafi Mai Tsarki. Wata shida zai cika ran 9 ga Mayu. Kayan sun iso Gombe tun cikin Janairu.

2. Ranar 13 ga Fabrairu aka ce mu zo ƙarfe bakwai na safe. Saboda tsaro aka caje mu sau biyu, aka karɓe waya da jaka, har da kular abincin yara. Ban yi ƙorafi a kan wannan ba, mun san halin da gari yake ciki. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne daga ƙarfe tara Sanatocin duka suna cikin gari, amma ba wanda ya shigo sai sha biyu da rabi. Mista Alfred, jami'inku na furotokol, mai tsara shiga da zaman manya, ya yi mana bayani cewa a ƙa'ida babba shi ke shigowa daga ƙarshe. Don haka motocin mai tabarau suka tsaya a wannan gefen titi, na mai sanda suka tsaya a wancan, kowa ya ajiye mutuminsa a bakin get yana leƙen ɗan'uwansa. Daga baya Mista Alfred ya yi dabara, aka buɗe ƙofar gabas da ta yamma lokaci ɗaya. Da yake mai sanda ba ya sauri, sai mai tabarau shi ma ya rage tafiya. Daga ƙofa zuwa teburi bai kai tsawon shagon mijina sau uku ba, amma mun daɗe a tsaye muna tafi.

3. Da aka zauna, sai maganar wa zai miƙa kwalin farko ta taso. Kamar yadda aka faɗa mana, mai tabarau ya riga shiga Majalisar Dattawa, ya yi zango ɗaya, ya faɗi zaɓe, ya dawo. Shi kuma mai sanda ya yi shekara takwas a Majalisar Wakilai kafin ya hau, kuma tun da ya hau bai sauka ba. Kowannensu zangonsa na biyu ke nan. Ɗaya ya ce lissafi daga ranar rantsuwar farko yake farawa, ɗayan ya ce wanda ya fita ya dawo ai baƙo ne. Su dai ba su ɗaga murya ba, murmushi suke ta yi wa juna, mataimakansu ne ke kai da kawowa da wani ƙaramin littafi. Ni ban san dokar majalisa ba, kuma ba ni da zaɓi a cikinsu. Tochi ta ja mini zane tana tambayar me ake jira, na sa baki a kunnenta na dama na ce ana neman babba ne. Shi ne ta yi tambayar da na ambata. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ƙarfe biyu aka ɗage taro saboda dalilan tsaro. Yara suka koma gida da lemon kwalba ɗaya ɗaya da hula mai sunan kwamiti.

4. Ranar Asabar, 12 ga Maris, aka sake kiran mu. A nan dole in yaba wa kwamiti, an yi shiri. Teburi biyu tsayinsu ɗaya, kujeru biyu iri ɗaya, makirfo biyu, masu hoto biyu. Aka raba yara layi biyu, ana miƙawa tare, Mista Alfred yana ɗaga hannu yana saukewa kamar mai ba da waƙa a kwayar coci. Sha ɗaya nan, sha ɗaya can. Ranka ya daɗe, sha ɗaya da sha ɗaya ashirin da biyu ne. Ba wanda ya yi wannan lissafin sai da kwali ɗaya ya rage a tsakiya, yarinya ɗaya ta rage a kan benci da farar rigarta ta zuwa coci. Aka ce duk Sanatan da ya miƙa shi ya miƙa sha biyu, kuma wanda ya miƙa sha biyu an nuna shi ne babba.

5. An ce mini ƙuri'a aka jefa ta faɗa kan Tochi. Ban ga lokacin da aka jefa ta ba. Ba na zargin kowa. Na dai rubuta don ya shiga fayil.

6. A nan take na ba da shawara su kama kwalin su biyu su miƙa. An gwada. Sai aka tsaya a kan hannun wa zai kasance a sama, da kuma wa zai tsaya dama a hoto. Na ce to a ba Malama Fatimatu ta sa mata, tunda ita ce ma ta san yadda ake kunnawa. Mista Alfred ya ce, "Madam, ki yi haƙuri, a takarda an rubuta Mai Girma Sanata ne zai miƙa, ba a rubuta nas ba." Na ce a nemo Sanata na uku. Ya ce wanda ke kusa sabon shiga ne, idan ya miƙa an zagi mutum biyu. Na ce to a samo yaro na ashirin da huɗu, lissafi ya daidaita, domin yaran da bam ya kashe wa kunne ba su ƙare a garin nan ba, zan iya kawo uku daga layinmu kafin la'asar. Ya ce wannan sai an kafa ƙaramin kwamiti. Aka mayar da kwalin cikin mota, Tochi tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaye ni ko nata bai nuna ba ne, na ce e, saura kaɗan.

7. Tun daga ranar na zo ofishinku sau biyar: 14, 17, 22 da 29 ga Maris, da kuma Juma'ar da ta wuce. Sunana yana cikin littafin baƙi. Kullum amsa ɗaya ce: an rubuta wa Abuja a tantance, ana jiran amsa. Da na tambayi wa aka rubuta wa, aka ce takardar tana jiran sa hannu, domin ba a daidaita kan wanda zai sa nasa a sama ba.

Ranka ya daɗe, ba raina girma nake yi ba. Ni 'yar Kaltungo ce, a gidanmu ƙarami ba ya sa hannu a kwano sai babba ya sa. Mijina Emenike kuwa, a taron mutanen garinsu na ga dattawa biyu sun shafe awa guda suna jayayya kan wanda zai fasa goro. Amma ban taɓa ganin an tashi taro an mayar da goron cikin kabad ba.

Bari in faɗi dalilin da ya sa ba zan iya jiran Abuja ba. Ka san Bolari. Keke ta gaba, mashin ta baya, kowa da hon ɗinsa yake magana. Tochi ba ta jin hon. Ni nake kai ta makaranta in ɗauko ta, ina goye da ƙaninta, in rufe teburin kayan miyata sau biyu a rana. Wannan ba komai, aikina ne. Amma ranar Laraba, 23 ga Maris, tayar wata tirela ta fashe kusa da makarantarsu. Ka san yadda mutanen Gombe muka koma, ko murfin tukunya ya faɗi sai an waiga. Malamai suka yi ihu, aka kwashe yara ta ƙofar baya, aka ƙirga su a filin ƙwallo, aka ga babu ɗaya. Da malamar ajinsu ta koma, ta tarar da Tochi zaune ita kaɗai a benci na gaba, kanta a sunkuye, tana kwafe rubutun allo. Har ta ɗago ta nuna mata cewa ta kusa gamawa. A ranar taya ce. Ni ban san abin da zai fashe gobe ba, kuma ina jin kai ma ba ka sani ba. Yaron da ba ya jin "ku gudu" a wannan zamani, ba na'urar ado yake jira ba.

Abokin karatun Tochi na Sande Sukul a coci, Noah, yana cikin sha ɗayan mai sanda. Yanzu yana juyawa idan aka kira shi. Ran Lahadi ya cire tasa ya ce ta ɗana, uwarsa ta hana, kuma tana da gaskiya, ba ma'aunin kunnensu ɗaya ba.

Saboda haka nake roƙo, cikin ladabi:

Na farko, a fito da kwalin a damƙa wa Malama Fatimatu kafin ranar Juma'a, 15 ga Afrilu, domin ta ce sai ta gwada, ta daidaita, ta sake dubawa bayan mako biyu, duk kafin wa'adin robar ya cika.

Na biyu, idan hoto ne ba za a iya yi babu shi ba, na yarda. Bayan an sa mata, zan wanke farar rigar, in kawo ta duk inda aka ce. Kwalin ba zan yar ba. Kowane Sanata ya miƙa mata shi a ranar da ya ga dama, ta durƙusa ta karɓa, a rubuta sha biyu nan, sha biyu can. Ba wanda zai ji daga bakina cewa babu komai a ciki.

Na uku, idan akwai takardar da zan sa wa hannu cewa ni da 'yata ba mu da ra'ayi kan wane ne babba, a shirya ta, zan zo da bairona.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe, ka yi mini izini in faɗa maka wata magana, ba don rashin kunya ba. Na ga yadda takardu ke kwana a tiren da ke hannun hagun teburinka. Kada ka sa wannan a ciki. Sanatocin nan ba su san sunan 'yata ba, sun koma Abuja, kuma ba na jin sun tuna akwai kwalin da ya rage. Makullin kabad a ofishinka yake, sa hannun da aka karɓi kayan da shi naka ne. Idan 9 ga Mayu ta wuce, abin da ke cikin kwalin nan ba zai shiga kunnen kowa a duniya ba, kuma waɗanda suka ba da kayan za su aiko a ƙirga musu yara. Ni zan zo da Tochi, da kwafin wannan takarda, da ranakun da na rubuta. A ranar, za a nemi wanda ya riƙe na'urar yarinya har ta lalace, kuma ina tabbatar maka Masu Girma biyun ba za su tsaya jiran juna ba, tare za su nuna ka. Kai ma uba ne, na ga hoton yaranka a bango. Ka buɗe kabad ɗin nan tun kunnen bai fi robar girma ba.

Ina roƙon gafara idan na yi tsawo ko na yi kaushi. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare mu da garinmu baki ɗaya.

Taka mai biyayya,

Hilda Emenike
Mahaifiyar Tochi Emenike