Zomayen Mama sun yi zazzaɓi

Kafanchan, daren Laraba, Yuli 1976

Na gode wa Ubangiji! Ashe ruwan da muke ƙara wa masu jego a asibitinmu ne ke sa su rawar sanyi. Dafawa ta kashe ƙwayoyin cutar, amma dafin ɓawonsu yana nan. Na yi wa ɓeraye allurar ruwan, ko a jikinsu. Da na gwada zomayen da na aro wurin Mama a Kagoma, sai suka ɗau zafi kamar mutane.

Da na gaya wa Sista Rifkatu, babbar nas ɗinmu, sai ta ce, "Ladi, zubar da ruwan nan duka!"

Hannatu, mai jegon da jiya muka zaci ba za ta kwana ba, an sa mata sabon ruwa. Ɗazu ta riƙo hannuna ta ce, "'Yar'uwa, akwai kunu?"