Ba Zan Karɓi Digiri da Jiƙaƙƙen Buhu Ba

Dutse, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yaya Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Anti Umaima a can Maleshiya. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa zama albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma jan salla a Kiyawa, Inna Larai kuma tana nan Buji da awakinta.

Yaya, saƙonka ya iso, kuma wallahi ya ɓata min rai. Ka san aikina na kammala digiri: ɗan allon lantarki da ke laluben ainihin mitar da saƙon tauraron ɗan'adam ke tahowa a kai, ya cafke ta. Da na yi wa Baba bayani, cewa ya yi ai aikinsa ne a makarantar allo, yara arba'in na karatu, shi kuwa kunnensa na kan wanda ya kauce. A ɗakin gwaji mai esi, allon nan kafin ka ƙifta ido ya kama. Amma da na kai shi Buji na haɗa da dish, ƙarfe biyun rana na yi sai ya saki, ya yi ta lalube kamar mai neman allura a rairayi. Kwana uku ina zargin waya. Ran na huɗu Inna ta taɓa akwatin da allon ke ciki, ta ce wannan abu zazzaɓi yake yi, ta jiƙa buhu ta lulluɓa masa yadda take yi wa randa. Ai kuwa sai ga sigina! Ashe zafi ne ke sa ɗan agogon da ke ciki ya zame, mitar ta fita daga iyakar da na tsara masa ya bincika.

Shi ne kai, injiniya guda, ka ce in gabatar da sakamakon ɗakin gwaji kawai, in yi shiru da zancen Buji, don kada gurbin karatun da ka samo min ya wuce. Haba Yaya! Na san wahalar da ka sha a kansa, kuma ni ma ina so, har kuka na yi. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wa na yi wa na'urar? Mutanen Buji esi gare su? Ko kowane allo zan riƙa haɗa shi da buhu da Inna Larai?

Jiya na je na faɗa wa malamina komai. Ya jinjina kai, ya ce faɗaɗa binciken da sake gwaji zai ci wata huɗu, kuma sai watan Afrilu za a samu zafin da zai tabbatar. Gurbinka kuwa a Janairu zai rufe. Na ce na ji, na sa hannu a takardar ƙarin lokacin. Don haka ka sanar da makarantar ba zan zo bana ba. In ka yi fushi, ka yi, zan ba ka haƙuri, amma ba zan janye ba.

Ka gaida Anti Umaima da yara, su Maijidda da Fa'izu. Baba da Inna suna sa maka albarka. Buhun kuwa na wanke na mayar wa Inna, randarta ta fi ni buƙatarsa.

Taka ƙanwa mai taurin kai,
Adawiyya.