Kujerar Mai Zobe a Masussukar Tungar Marke

Zuwa ga ƙanwata Saliha, a Sabon Ibadan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da kyakkyawar addu'a, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗanki Faruk da iyalinsa baki ɗaya. Ya ciwon gwiwar? Allah Ya sa kaffara ne. Mu nan Ƙaura sai godiya. Gero ya yi kyau wajen Ɗan Isa bana, dawa ce ruwa ya ɗauke mata da wuri. Jikata Nabila ta sauka lafiya, an samu mace, anka raɗa mata Ilham. Ɗiyata Larai ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗi, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, don kin san ni ban zauna gaban allon bature ba kuma ban yi nadama ba.

Abin da ya sa na matsa a rubuto miki, ba na so ki fara ganin wani abu a wayar Faruk kafin ki ji shi daga bakina. Kin tuna Armiya'u, jikan Liman na Katuru? Ya zama magidanci, yana da shagon tura finafinai a waya nan bakin kasuwa. To shi da abokansa sunka ce su ma sai sun yi nasu fim, irin na harbe-harbe. Labarin wai wani jami'in sirri ne ya ɓad da kama ya shiga cikin yaran wani ƙasurgumin mugu da ake kira Mai Zobe, yana ci da su yana sha da su har ranar da zai kama shi. Armiya'u ne jami'in. Duk ɓad da kamar da ya yi, baƙin tabarau ne da rawani, alhali ko makahon Ƙaura ya san takunsa. Mai Zobe kuwa Abbati ne mai shayi, wanda ko kaza ba ya iya yankawa. Bindigoginsu na icce ne sun shafa musu baƙin mai, jinin zoɓo ne, hayaƙin kuma tsohuwar taya. Na'urar ɗaukar hoto guda ce, aro daga Gusau. Mutanensu ba su kai goma ba, shi ya sa za ki ga an harbe mutum ya faɗi, an jima ya sake hula ya dawo a sake harbe shi.

Ran wata Talata da hantsi ina wucewa, Armiya'u ya kira ni da murnarsa, ya ce Baba zo ka ga garinku. Ya ajiye mini benci, ya kunna. Da fari har dariya na yi. Sai hoto ya juya, na ga katangar masallacinmu da ta zube, na ga bakin rijiya, sannan na ga iccen marken nan. Saliha, Tungar Marke sunka je. Tun da hanya ta ɗan lafa bana sunka bi masu zuwa ɗibar kara, wai sun samu kangon gari kyauta, ba sai sun gina ba. Kuma da sunka nemi fili shimfiɗaɗɗe na yin babban faɗan ƙarshe, ba su ga wanda ya fi masussuka ba.

Ba sai na tuna miki ba, amma Larai tana gidan miji a Zurmi lokacin, bari ta ji da hannunta. Damina bakwai ke nan. Ranar da 'yan bindiga sunka shigo mana sunka yi kisa, maƙabarta tana hayin rafi, su kuma mutanen ba su gama janyewa daga hayin ba. Shi ya sa munka haƙa kaburbura a masussuka, ƙasa kamar dutse, da fartanya da galma. Ke da matan da sunka rage kuna zauren limaminmu kuna yankan likkafani, da farin yadi ya ƙare kunka koma zannuwan gado. Ba mu samu sukunin kafa icce ko fasasshen tulu ba, kafin la'asar mun kama hanyar Shinkafi. Ruwa ya bi ta kai, shanu sun bi ta kai, wuri ya koma sumul. A cikin mazan da sunka yi haƙan, ni kaɗai na rage.

To a nan na ga Mai Zobe zaune kan kujerar roba an lulluɓa mata jan mayafi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana dariya, yana faɗin wai ƙasar nan duk tasa ce, ba mai fita sai da izninsa. Na dubi marke, na dubi kujera, idona ya ƙirga taku. Taku goma sha ɗaya gabas da gindi. Ki yi haƙuri, ƙanwata, a kan mijinki Tambari sunka dasa ta. Inda jami'in ya yi ta birgima yana harbi kuwa, nan Inna take da ƙanwarmu Mardiyya.

Ban yi faɗa ba. Na ce ya kashe, ya kashe. Na gaya masa abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu. Ya ce wallahi ba su sani ba, na ce na yarda, rashin sani ya fi dare duhu. Amma da na ce a cire wurin sai ya fara kame-kame, wai nan ne zuciyar fim ɗin, wai an riga an mai da na'ura Gusau, wai guntun talla ma ya shiga wayoyin mutane, kuma ai mamaci addu'a yake so, ba ruwansa da hoto. Na ce ban musa ba, amma ni benci ya ba ni, kuma ban ga ranar tashi ba. Kwana huɗu kullum ina zuwa da tabarmata da butata in zauna ƙofar shagon, duk wanda ya zo tura fim in gaishe shi in ba shi labari. Larai ta ce in bari, na tsufa da rigima. Na ce da ita aka haife ni.

Abbati ne ya warware zancen. Da labari ya kai masa, ya rufe teburin shayinsa ya zo ya durƙusa gabana, mutum mai 'ya'ya biyar. Ya ce tun ranar da ya zauna kujerar nan yake jin sanyi a tafin ƙafarsa, ya ɗauka ciwon shawara ne. Na ce masa ni ba malami ba ne. Ya juya ya ce wa Armiya'u in ba a cire ba, to a nemi wani Mai Zoben. Haka anka yi, sun sake faɗan nasu bayan tashar jirgin ƙasa, kuma an ce ya fi na farko ƙura.

Amma da anka sake aro na'urar, Armiya'u ya zo har gida ya ce yana da roƙo. Ya ce Baba, abin da ya faru zai sake faruwa, gobe wani ne zai zo ya yi gona ko ya kafa turke, tunda abin a kanka kaɗai yake. Ya ce in bi su in nuna, su ɗauka. Na ƙi sau biyu, don ni ban taɓa yarda an ɗauke ni hoto ba in ba na katin zaɓe ba. Daga baya na tuna shekaruna, na ce mu tafi.

Mun isa da walaha. Ba motsin kowa sai kurciya. Na cire takalmi, na dafa marke, na fara taku ina kiran suna, shi yana bina da na'ura, Abbati yana kafa dutse duk inda na tsaya. Kin san kullum bayan sallar asuba sai na jero su, goma sha takwas, ban taɓa tsallake rana ba. Limaminmu, Inna, Mardiyya, Mubaraka, Tambari, har zuwa kan Tsoho makiyayi. Bakina bai yi tuntuɓe ba. Ƙafata ce ta yi. Tsakanin Mardiyya da Mubaraka sai ta tsaya da kanta a wani wuri da ƙasa ta ɗan lotsa, gajere, bai kai tsawon tabarmar salla ba. Na tsaya a kai, hannuwana sunka tuna sun sauke wani abu marar nauyi a nan, naɗe cikin zane mai ratsin shuɗi. Hannu ya tuna, kai ya ƙi. Goma sha tara ne, Saliha. Shekara bakwai ina alfahari ni ne ban manta ba, ashe tun a hanyar Shinkafi na yar da mutum guda.

Armiya'u ya tambaya ko ya kashe na'ura, na ce ya bar ta. Za ki gani a ɗan katin da ke naɗe cikin takardar nan, Faruk ya sa miki a waya. Akwai inda na tsaya ban ce komai ba, ba lalacewa hoton ya yi ba. Abbati ya kafa dutse a nan ma. Tun ranar, in na zo wurin a lissafin asuba sai in yi shiru gwargwadon suna guda, sannan in wuce.

Ke kinka yanka zannuwan. Kin san na wa ne mai ratsin shuɗi, kin san wa anka naɗe a ciki. Na san kin ce kada a sake yi miki zancen ranar nan, kuma shekara bakwai na kiyaye. Yau na karya, ki yafe mini. Ba sai kin rubuta ba, ki faɗa a wayar Faruk ya turo wa Larai, ko da sunan uwar ne kaɗai. In kuma ke ma ya ɓace miki, ki gaya mini gaskiya, mu san mu biyu ne, sai mu bar wa Wanda ba Ya mantuwa.

Ki gaishe da Faruk da maiɗakinsa Maimunatu, da Ammar da Mubashir, ki ce kakansu na nan da sandarsa. Larai da Nabila suna gaishe ki, Abbati ma ya ce lallai a sa sunansa, yana neman gafararki. Allah Ya jiƙan Tambari da Inna da sauran, da wanda ke tsakanin Mardiyya da Mubaraka. Kada ki daɗe, ƙanwata, Armiya'u ya ce na'urar za ta koma Gusau bayan sallah, ni ma kuma aro ne.

Wassalam. Ni ne yayanki,
Alhassan na Tungar Marke, mazaunin Ƙaura Namoda.