Faifan Wake a Bungudu

Gusau, Litinin

Zuwa ga Yaya Zuwaira,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Tsafe. Ya ƙafar Inna?

Yau na fara gwajin aikin nan na koya wa matan Bungudu adana wake ba da magani ba. Malam Labbo, mai duba mu, ya zauna a baya yana kallo. In ya gamsu aikin nawa ne, in bai gamsu ba a ba wata.

A horonmu an ce a fara da wasa don mutane su saki jiki: a jefa wa mace ƙwallo, ta faɗi sunanta da na ɗanta na fari. Ni da na tashi a gidanmu, sai ga ni ina tambayar mace sunan ɗan fari a gaban uwar mijinta. Ƙwallon ta faɗi ƙasa, ba wadda ta ɗauka. Har azahar ni kaɗai nake magana.

Ki gaida Inna.
Ƙanwarki, Salma

Gusau, Alhamis

Yaya Zuwaira,

Bayan gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya.

Ranar Talata da na koma Bungudu na ari faifai, na zauna a tabarma ina sheƙar wake, kin dai san hannuna. Wata dattijuwa, Inna Uwa, ta kasa jurewa, ta ƙwace faifan tana tambayar wace uwa ce ta raine ni. Aka yi dariya, kowa ta matso da nata gyaran. Cikin hirar wata matashiya, Hafsatu, ta ce maganin feshin gona mijinta ke zuba wa wakensu, kuma yaranta kan yi amai in sun ci. Mata da dama suka ce su ma haka. A nan muka yi darasin, na nuna musu sabon buhun da ke hana iska shiga ƙwari su mutu, har la'asar ba wadda ta tashi.

Jiya Malam Labbo ya kira ni. Ya yaba, amma ya ce na tsallake wasan buɗewa da ke cikin tsari. An ba wata aikin. Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba.

Da safen nan Hafsatu ta bugo waya. Ta ce mijinta ya yarda ta nuna masa yadda ake ɗaure sabon buhun, tana so in zo in tsaya mata kada ta yi kuskure. Ban faɗa mata an sallame ni ba. Asabar zan je.

Taki,
Salma